Mika'ilu Mai Gilashi da Tagar Asama'u

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, wadda ta yi daidai da 18 ga Safar, 1447, ina gona ina cirar ciyawa a gindin dawa, wayata ta yi ƙara. Humaira ce, 'yar autar taubashina Malam Mika'ilu Mai Gilashi, wadda ta baro gidan mijinta a Tsanyawa ta zo jinyar mahaifinta. Daga yadda ta ce "Baba Basiru" na ajiye fartanya. Allah ya karɓi ran Mika'ilu da hantsin ranar, bayan ɗan zazzaɓin da muka ɗauka na damina ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar aka yi masa sallah a ƙofar gidansa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Tsanyawa da Kunci, muka kai shi makwancinsa ana ɗan yayyafi.

Mika'ilu, yau dai na samu fili. Tun muna yawo ba riga ban taɓa fara magana na kai ƙarshenta ba ka katse ni ba. Mahaifiyarka ƙanwar mahaifina ce, don haka wasa ya halatta a tsakaninmu, mu kuwa muka riƙe shi kamar sana'a. Kai kana cewa ni bawanka ne, ni ina cewa kai ne nawa, har furfura ta cim mana ba a raba gardamar ba. Yanzu ka tafi ka bar ni da bakina, ga magana cike da ciki, babu mai ramawa. Wallahi ban san haka shirunka yake da nauyi ba.

A hanyar dawowa daga maƙabarta, tambaya ɗaya na riƙa ji a bakin mutane, a hankali suke yinta don kada ta shiga cikin gida: to yanzu Asama'u fa? Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane nauyin tambayar ba, don haka bari in faɗi abin da ke ƙarƙashinta.

Sana'arka ta rani yankan gilashi ce. A Kano ka koyo ta lokacin da kake zuwa cin rani da ƙuruciya, ka dawo da alƙalamin yanka a aljihu da tabo a kowane yatsa. Kai ne mai sa gilashin taga da luba, kai ne mai gyaran madubin amare, kai ne mai haɗa wa masu soyayyen nama akwatin gilashi a kasuwar Tsanyawa. Noma kuwa kana yi dai, don kada a ce ba ka yi. Manomin gidanka na gaskiya matarka ce, Asama'u. Tun da 'ya'ya suka tasa ta karɓi gonar da ta gada daga mahaifinta a bayan gari, ta mai da ita abin kwatance. Gero da dawa a jere, wake a tsakani, gyaɗa a gefe, kuɓewa da riɗi da yakuwa a bakin iyaka. In ka ga namiji ya tsaya a hanya yana kallon gona yana girgiza kai, to tata ce yake kallo. Ni ma na sha tsayawa.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, shekarun baya. Hannun dama da ƙafar dama suka ƙi. Aka yi asibiti, aka yi na gida, magana ta dawo mata, amma ta ƙi amfani da ita. Ta juya fuskarta ga bango. A kawo koko ya huce a kwano, a kawo fura ta tsinke. In an gaishe ta sai ta ɗaga yatsa. Likita ya ce jikin yana iya ɗaukar shekaru in ta ci abinci, amma babu allurar da ke sa mutum ya so ci. Kowa ya ga inda abin ya dosa, ba wanda ya iya faɗa. Mace ce da ta saba fita tun da sassafe ta ga abin da ya tsiro, ga ta a ɗakin da tagarsa ba ta fi faifai ba.

Wata safiya na ji ana dukan bango a gidanka. Na leƙa na tarar da kai da diga kana fasa bangon gabas na ɗakin matarka. Na ce, "Bawa, ciwon ya koma kanka ne?" Ka ce in ba zan kama ba in matsa. Ka buɗe taga babba, ka sa mata katako, ka raba ta gida-gida yadda kowane gida zai ɗauki ƙaramin gilashi a zare shi a sauya. A lokacin ne na fara ganin aikin da daga baya ya zama sunanka.

Fure kake tsinkowa da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Ka shimfiɗa shi a tsakanin takardun buhun siminti, ka sa katako sama da ƙasa, ka ɗora tsohon dutsen niƙan mahaifiyarka a kai. Kullum sai ka ɗaga ka sauya takarda, domin ka ce fure in aka rufe shi da sauran danshi funfuna yake yi. In ya bushe ya zama shara-shara, har ana ganin jijiyoyinsa, sai ka jera shi a kan gilashi da tsinken tsintsiya, ka kifa wani gilashin a kai. Ka yanko siraran gwangwanin madara ka naɗe bakin, ka ɗora ƙarfe a gawayi ka bi gaɓoɓin da dalma, irin yadda masu haɗa mazurari suke yi. A kewaye kuma ka jera gutsattsarin luba masu launi, kore da shuɗi da ruwan zuma, waɗanda ka shekara kana tarawa a kwali ana cewa tarkace ne. In rana ta bugo ta baya, launin ya zubo cikin ɗaki har kan tabarma.

Na farkon da ka yi, da furen birni ka yi shi. Ka hau mota takanas ka je Kano, ka roƙi masu gadi suka bar ka ka tsinki irin jan furen nan da ke leƙowa ta katangar manyan gidaje. Aiki ya yi kyau, wannan ko ni da ba na yabonka na yarda. Ka kafa shi, ka tsaya kana murza hannu. Asama'u ta waiwayo ta dube shi, ta ce, "Sannu da aiki," ta mai da fuska bango. Ka sake wani da furen da ya fi wancan, ko sannun ba ka samu ba. Ranar na gan ka zaune a zaure ka zuba tagumi, na shigo da tsokana a bakina na haɗiye ta.

Damina ta yi nisa, hankalin kowa yana kan jinya, gonar Asama'u ba wanda ya leƙa tun noman farko. Ka bi ta can wata rana ka tarar ƙuduji ya rufe ta. Wanda bai sani ba, ƙuduji shi ne wuta-wuta, ciyawar da ke kama saiwar dawa da gero ta tsotse su har su ƙone a tsaye. Ba manomin da ke ganinsa gabansa bai faɗi ba. Amma fa Allah ya yi masa fure, ruwan hoda mai ɗan duhu, a jere a kan siririn kara. Ka tsinko cike da hula, ka danne, ka busar, ka haɗa gilashi guda da shi zalla, ka kafa a tsakiyar tagar.

Ina tsakar gida da safen da rana ta fara bugunsa. Launin ya sauka a kan mayafinta. Ta dubi mayafin, ta bi hasken da ido har taga, ta daɗe tana kallo.

"Malam, mene ne wancan?"

"Fure ne," in ji ka.

"Na san fure ne. A ina ka samo ƙuduji?"

"A gonarki."

"A gonata? Ƙuduji ya tsiro a gonata, har ya girma, har ya yi fure, kuna zaune kuna shan fura?"

Rabon da a ji kalma biyar a jere daga bakinta tun kafin shuka. Ranar ba wanda ya tsira. Ta wanke ka tas, ta wanke 'ya'yanta maza da ba sa nan, ta ji motsina ta ce ai wancan ma da shi, kullum ta bakin gonar yake wucewa. Ta ce a je yau a tuge shi kafin ya zubar da iri, a tara a ƙone, kada wani malalaci ya watsar a bakin iyaka. Ta ce a kwashe takin awaki a kai. Da maƙogwaronta ya bushe don faɗa, ta ce wai gidan nan ba a dama koko ne? Humaira ta kawo da gudu, ta shanye, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ka fito daga ɗakin hawaye na bin gemunka kana dariya, ka miƙo mini fartanya. Muka yini muna tugar ƙuduji, ban taɓa aikin gonar wani da daɗin rai irin na ranar ba.

Har ka koma ga Allah kana cewa da gangan ka yi, wai hikima ce. Ni kuwa na tsaya a kan cewa launin ne ya ruɗe ka, ka manta manomiya ka aura. A duk majalisar da aka tayar da zancen sai mun raba mutane gida biyu. Asama'u da aka tambaya ta ce ita ba ta sani ba, abin da ta sani kawai an bar mata gona ta lalace.

Daga ranar tagar ta zama hanyarta ta zuwa gona. Ta hana ka furen birni, ta ce abin da ba a ci ba a sha ba ta ga dalilin kallonsa ba. Duk abin da ya buɗe a gonarta sai ka kawo shi gilashi. Gyaɗa da ɗan furenta ruwan ɗorawa, riɗi fari mai kamar ƙararrawa, kuɓewa mai jan ciki wadda in ba a tsinke ta da safe ba kafin la'asar ta yi yaushi, wake in kaka ta gabato, yakuwa a ƙarshe. Da rani ka koma kan zogalen gida da albasar fadama. Rana tana cin launin fure, don haka aikin ba ya ƙarewa, wanda ya koɗe a zare a sa sabo. Ita kuma tana kwance tana karanta gonarta. In furen gyaɗa ya zo ƙanana ta ce taki bai isa ba. In ta ga cizo a gefen na kuɓewa ta ce a barbaɗa toka. Ta soma zama a jingine, ta soma ɓarar gyaɗa da hannun hagu, ta soma aika a kira dillaliya a yi cinikin wakenta a gabanta. Daga kan gado take noma, kuma amfaninta bai daina fin namu ba.

Akwai shekarar da tsutsa ta yi wa wakenta ɓarna, ka ji tsoron ranta ya ɓaci, ka lallaɓa gonata ka tsinko nawa. Kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Wannan na Malam Basiru ne, nawa ba ya fari haka. Me ya sami wakena?" Ba kunya ka ce ni na ba ka shawara. Na kwana biyu ina gaisuwa daga zaure.

Da farko mutanen gari sun yi gunaguni. A wurin manomi kowane furen wake kwanso ne, kowane furen kuɓewa miya ce, ga kuma dattijo da gemu yana yawo da hula cike da fure. Ba ka yi musu da kowa ba. Ba ka taɓa tsinka a gonar wani ba ka tambaya ba, ban da tawa, wadda ka ce dukiyar bawa ta ubangidansa ce. Sannu a hankali masu gunagunin suka soma aiko 'ya'yansu mata gaida Asama'u, su dawo suna ba da labarin ɗakin da rana ke shiga da launi. Daga nan aka fara abin da yanzu ya zama al'adar garinmu, wadda ban ji ana yinta a wani wuri ba: in za a kai yarinya ɗakin miji, sai ka haɗa mata ɗan gilashi da furen gonar ubanta, a sa a cikin kayan ɗaki. Ba ka taɓa karɓar ko goro a kansa ba.

Da aka zo auren 'yata Ikilima, wadda aka kai Zariya, ka kawo nata ka ce ka yi iyakar ƙoƙarinka, gonar ubanta ba abin kirki sai rama. Aka yi dariya. Bayan wata biyu ta kira ni tana kuka, ta ce ta rataye shi a tagar ɗakinta, duk safiya sai ta ji kamar za ta ji muryar mahaifiyarta a bayan danga. Da aka gaya mata rasuwarka, ita ce ta fi kowa kuka a cikin 'ya'yana.

Alherinka ba a fure kaɗai ya tsaya ba. Tagogin makarantar Islamiyyarmu duk damina sai iska ta fasa wasu, duk damina sai a wayi gari an gyara, malamai ba su taɓa aika maka ba. Tsofaffin da madubin idonsu ya karye a ƙafa, gidanka suke kaiwa ka ɗaure da waya. In ka ga fasasshiyar kwalba a hanya ba ka wucewa sai ka tsince, ka ce ka san abin da gilashi ke yi wa ƙafa. Kuma duk tsawon jinyar nan, kai kake ɗaga Asama'u ka kwantar, kai kake zuba mata ruwan alwala, ban taɓa jin ka ambaci gajiya ba ko da wasa, kai da komai wasa ne a wurinka.

To ka ga dalilin tambayar da ake yi a hanyar maƙabarta. Kuma abin da ake tsoro ya so ya faru. Asama'u ta karɓi gaisuwa ranar farko da haƙurin da ya ba kowa mamaki. Da aka yi sadakar uku baƙi suka ragu, sai ta juya ga bango. Kwano ya soma komawa yadda ya zo. Furannin da ke tagar na farkon damina ne, sun fara koɗewa, ba ta ko ɗaga ido ta dube su. Humaira ta same ni bayan sadakar bakwai ta ce, "Baba Basiru, Inna ta koma irin ta da. Ni ban san abin da zan yi ba." Ni ma ban sani ba. Na iya tsokana, ban iya abin da ka iya ba.

Muna tsaye a tsakar gida, kusa da tagar, sai idona ya faɗa kan dutsen niƙan a ƙarƙashin rumfa, da katakonsa a ƙasa. Humaira ta ce furannin da ka tsinko ne ana gobe zazzaɓi zai kwantar da kai, ba wanda ya taɓa. Na ce to a bar su yadda ka bar su, hannunka ne na ƙarshe, kada a motsa. Ta ce ita ma haka ta gani.

Sai muka ji murya daga cikin ɗaki, a dishe.

"Tun ranar ba a sauya takarda ba?"

Muka dubi juna. Humaira ta ce, "Ba a sauya ba, Inna."

"Da markar nan? So kuke wahalarsa ta ruɓe a ƙarƙashin dutse? Ɗauko mini."

Na ɗaga dutsen, Humaira ta shiga da katakon, ni na tsaya a waje ta bakin taga, tun da Asama'u tana takaba. Na kuɓewa duk sun yi funfuna, ta sa aka zubar. Na gyaɗa da na riɗi sun tsira. Ta ce a jingina ta. Ta ce a kawo gilashi, Humaira ta yanka, ashe ta ɗauki hannunka ba mu sani ba. Aka ɗora mata a kan faifai a cinya, ta karɓi tsinken tsintsiya da hannun hagu ta soma jerawa. Ta daɗe. In fure ya gudu sai ta dawo da shi. Ta sa gyaɗa a kewaye, ta sa riɗi a kusurwoyi, ta bar tsakiya fili, wuri kamar tafin hannu. Humaira ta kifa gilashin sama, ta tashi za ta hura gawayi.

"Kada ki liƙe," in ji ta. "Ɗaure shi da zare ki kafa haka."

"Inna, tsakiyar ba komai."

"Wurin wake ne."

"Wake ai da saura, Inna. Sai kaka ta gabato."

"Na sani, ni na sa aka shuka shi. Ina nan, zan jira."

Na bar bakin tagar na koma zaure, na zauna a inda kake zama, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta. Mika'ilu, ka ji amsar tambayar da mutane suke yi. Gilashin yana nan a kafe, a ɗan karkace, da zare a jikinsa da fili a tsakiya, kuma duk safiya tana kallonsa.

Ya Allah, ga bawanka Mika'ilu ya zo gare ka, ka fi mu saninsa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yafe masa abin da ya yi da sani da wanda ya yi da mantuwa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka buɗe masa taga zuwa Aljanna yadda ya buɗe wa baiwarka taga a lokacin da duniya ta yi mata ƙunci. Ka sa haƙurin jinyar da ya yi ya zama nauyi a mizaninsa, ka haɗa shi da iyayensa a Firdausi. Wasan da ke tsakaninmu, in akwai wanda ya wuce gona da iri, na yafe, ina fatan shi ma ya yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa, maza da mata, musamman Humaira da ta tsaya a kansa har ƙarshe, da jikokinsa, da 'yan'uwa na Tsanyawa da Kunci da Tofa, da dukan amaren garinmu da ke da gilashinsa a ɗakunansu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Asama'u, Allah ya ƙara miki lafiya da ƙarfin zuciya, ya fid da ke takaba lafiya, ya nuna miki furen waken bana da na shekaru masu yawa bayansa. Amin.